An ci ƙungiyarmu a wasan ƙarshe na lardi, ko da sauran dama?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ƙungiyar garinku ta ƙwallon Gaelic (wani nau'in ƙwallon ƙafa na ƙasar Ireland) da aka doke a wasan ƙarshe na lardi za ta iya shiga gasar All-Ireland, wato ta Ireland baki ɗaya, ta wata ƙofa. A'a, bana kam an rufe. A gasar ƙungiyoyin gari, zakarun lardunan nan huɗu, Ulster da Munster da Leinster da Connacht, su ne ke haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe. Tsarin da kake gani a talabijin, inda wanda ya faɗi a lardi yake ci gaba da buga gasar, na tawagogin gunduma ne.

Abin da ya fi ciwo, badi ma ba daga lardi za ku fara ba, sai kun sake cin kofin gundumarku tukuna. Na kalli Scotstown ta gundumar Monaghan a wasan ƙarshe na lardin Ulster a Disamba 2023, Glen ta gundumar Derry ta doke ta da maki 13 da 11 a garin Armagh, babu wanda ya jefa ƙwallo a raga, alhali ƙwallo ɗaya mai maki 3 da ta juya wasan. An riga an doke Scotstown a wasan ƙarshe na lardin a 2015 da 2018 ma. Glen ta wuce ta ɗauki All-Ireland a Janairu 2024. Kuma ba sayen 'yan wasa ake yi ba, yaran garin ne dai, malamin makaranta da manomi, su za su koma atisaye cikin ruwan sama.