Me ya sa ake barin ramin tama alhali da sauran tama a ciki?

Tambaya: Malam, na ji cewa akwai ƙananan ramukan haƙar tama da aka daina aiki a cikinsu tun da daɗewa, alhali tamar ba ta ƙare ba. Yaya tama take kwance a ƙarƙashin ƙasa, yaya ake haƙo ta, kuma me ya sa ake watsar da ramin?

Amsa: Tama dutse ce da ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin a cikinta, kuma iri biyu ne suka fi daraja. Akwai hematayit, wadda ke barin jan zane idan aka goga ta a kan fasasshen tangaran, tsantsarta na ɗauke da ƙarfe kusan kashi 70 cikin 100. Akwai kuma magnatayit, baƙa wadda maganaɗisu ke kamawa, mai kusan kashi 72. Manyan shimfiɗun tama na duniya sun kwanta ne a ƙasan teku fiye da shekara biliyan 1.8 da suka wuce, amma ƙaramin rami yakan dogara ne da jijiya guda ko dunƙulen tama da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya zuba a tsagar dutse, kamar yadda aka samu cikin dutsen farar ƙasa a yankin Kumbriya na Ingila. Irin wannan jijiya ba ta da tabbas, domin takan yi kauri nan, ta sirance can, wani lokacin ma ta ɓace ɓat.

Mahaƙa sukan fara ne da huda hanya daga gefen tudu, su ɗan ɗaga ta sama kaɗan domin ruwa ya gangaro waje da kansa, suna kafa dirkokin katako don tare rufin. Sai a fasa dutsen da albarushi, daga baya da nakiyar da Alfred Nobel, masanin kimiyya ɗan ƙasar Sweden, ya yi wa rajista a 1867, a loda shi a kurar ƙarfe a turo waje, a tsince tamar da hannu.

A ganina ruwa ne ainihin abin da ke yanke wa ƙaramin rami hukunci. Da zarar haƙa ta yi ƙasa da waccan hanyar, dole famfo ya yi aiki dare da rana, wanda shi ne dalilin da ya sa Thomas Newcomen, wani maƙeri ɗan Ingila, ya ƙera injin tururinsa na janye ruwa a 1712. Duk zurfin da aka ƙara, kuɗin janye ruwa na ƙaruwa, har ya kai ga tamar da ake fitarwa ba ta biyan ɗawainiyarta, musamman bayan da manyan buɗaɗɗun ramuka na Ostareliya da Burazil suka cika kasuwa da tama mai araha. Ranar da aka kashe famfo, ruwa ya fara cika ramin, kuma jan ruwan da ake gani yana tsattsafowa daga bakinsa tsatsa ce da ke samuwa idan ƙarfen da ya narke a cikin ruwan ya gamu da iska.

Ina roƙon duk mai sha'awar irin waɗannan wurare da ya tsaya daga waje, domin katakon ya riga ya ruɓe, kuma iskar ciki kan rasa oksijin ba tare da wani wari da zai gargaɗi mutum ba.