Raunin 'Yan Badminton a Sin da Faransa: Daga Ina Matsalar Take?

Tambaya: Ina yawan ganin 'yan badminton na Sin suna ficewa daga gasa saboda ciwon gwiwa. Shin horonsu ne ya fi na Faransawa tsanani, ko wasan ne haka?

Amsa: Horo yana da nasa hannun. A Sin yaro yana shiga makarantar wasanni ta gwamnati tun yana ƙarami, Faransawa kuwa daga kulob suke tasowa, sai wanda ya yi fice ya isa INSEP, cibiyar horar da 'yan wasa ta ƙasa da ke Paris. Amma gwiwa ba ta san fasfo ba, yadda aka dira a kanta shi ta sani.

Dubi Li Xuerui, 'yar wasan Sin. A wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin Rio a 2016, jijiyar da ke giciye a cikin gwiwarta ta hagu ta tsinke, ba ta dawo gasa ba sai 2018. Da hannun dama take riƙe raket. Mai bugu da dama idan ya ja da baya zuwa kusurwar hagu, ya yi tsalle ya doki ƙwallo ta saman kai, nauyinsa duka a ƙafar hagu yake sauka. In gwiwar ta sauka a miƙe, ta kuma karkata ciki, jijiyar ce ke ɗaukar abin da ya kamata naman cinya ya ɗauka. Carolina Marin 'yar Sifaniya, wadda ta kara da Li a ranar, bahaguwa ce, kuma gwiwar dama ce ta ci amanarta a Paris a 2024 tana gaban He Bingjiao ta Sin da maki. Bayan tiyatar wannan jijiya, likitoci ba sa son a koma fili kafin wata 9.

Targaɗen idon sawu ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba. Ko Shi Yuqi na Sin sai da aka yi masa aiki bayan ya murɗe nasa a gasar Indonesiya ta 2019. In ya faru, a ɗaga ƙafar, a ɗaure da bandeji, a sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20. Wanda ya kasa taku huɗu a kai, hoton ƙashi ya kama shi, kada a murza.

Sai agara, jijiyar bayan dunduniya. Wanda ya haura 35, yana buga wasa sau ɗaya a mako ba tare da ɗumama jiki ba, shi ta fi tsinke wa. Zai ji kamar an shaure shi ta baya, ya waiwaya bai ga kowa ba.

Takalmin gudu ma ya jefa mutane da yawa cikin rauni, domin dunduniyarsa tana da tudu, ƙafa tana kifewa in an taka gefe. A nemi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba. A ɗumama jiki minti 10 zuwa 15, a kuma riƙa koyon dira da ƙafa ɗaya a gaban madubi, gwiwa a lanƙwashe, tana saitin yatsan ƙafa na biyu.