Amsa: Ina ake samun gahawa mai kyau a Galway?

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi kwana biyu a Galway ta ƙasar Ayalan, kana neman ƙananan shagunan gahawa na 'yan gari, ba na manyan kamfanoni irin su Starbucks ba. Ka fara da Quay Street, akwai Coffeewerk + Press, ɗan shago matsattse mai bene. Daga nan ka tsallake kogin Corrib ta gadar Wolfe Tone ka nufi Dominick Street, can cunkoson baƙi ya ragu. Duk tafiyar ƙafa ce.

Sai dai ka yi sammako. Yawancinsu da biyar ta yi sun fara kifa kujeru. Ni ranar farko na bari sai bayan la'asar sakaliya, na tarar da ƙofofi a rufe, ga yayyafi yana ta jiƙa ni. Ka ce a ba ka flat white, wato gahawa mai ƙarfi haɗe da madara mai ɗumi, nan ake gane gwanin haɗi. In za ka haɗa da abin tauna kuwa, ka tambaya tukuna, don karin kumallonsu ba ya rasa naman alade, har da black pudding da ake yi da jini. Ni a kan scone, wani ɗan ƙaramin burodi, da man shanu nake tsayawa.