Kyautar Sallah da guntayen atamfa: me zan ɗinka wanda ba za a raina ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aure a wani ƙauye kusa da Ringim. Duk Sallah yaran dangi da na maƙwabta sai su cika min tsakar gida, ga uwar mijina, ga ƙannensa, kuma bana hannu bai kai in ba kowa goron Sallah na kuɗi ba. Ina da keken ɗinki Butterfly na ƙafa da aka sa min a kayan ɗaki. Na iya miƙaƙƙen ɗinki da kalmasa, ban wuce nan ba. Me zan ɗinka da guntayen atamfa wanda ba za a raina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Miƙaƙƙen ɗinki da kalmasar da kika iya sun ishe ki. Abin da ke sa a raina kayan hannu ba ƙanƙantarsa ba ce, rashin gamawa ne. Zare na reto, baki na zarewa, ba wanki ba guga, shi ne mutum zai karɓa ya ce an gode, yana juya baya ya mai da shi tsumman goge fitila. Ƙyalle ɗaya ne, amma idan ya sha guga, aka yi masa shafi, kusurwoyinsa suka tsaya, sai an tambaye ki inda kika saya.

Ki zaɓi abu ɗaya na yara, ki yi shi da yawa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ni 'yar jaka mai mazagi nake ba masu koyo, irin wadda ake jan zare bakinta ya tsuke, domin babu zif, babu maɓalli, kuma yaro yana bukatarta a ranar: a ciki zai zuba alewa da cincin da 'yan canjin da ya samo a yawon Sallah. Ki yanka ƙyalle mai faɗin inci 7, tsawon inci 16. Ki fara yi wa gajerun bakunan biyu ƙubaka kamar ta wando, inci 1, ta yadda zare zai wuce a sake. Sai ki ninka shi biyu, fuskar atamfar tana ciki, ki ɗinke gefe da gefe da rabin inci, ki tsaya daidai ƙasan ƙubakar, kada ki toshe hanyar mazagi. A wurin tsayawar nan ki koma baya sau biyu ko uku, domin nan ne jaka take fara ɓarkewa. Idan kekenki ba ya komawa baya, ɗaga ƙafar keken da ke danne ɗinki, juya ƙyallen, ki sake bi ta kai. Ki juyo ta waje, ki tura kusurwa da bayan fensir, ki goge, ki zura mazagi da fil.

Yadi inci 36 ne, faɗin atamfa kuma yakan kai wajen inci 45. Da wannan awon, yadi ɗaya zai ba ki jaka 12. Turmi yadi 6 ne, kin ga ko ragowar zanenki na Sallar bara zai sallami yaran unguwa.

Dabarar ita ce kada ki gama ɗaya sannan ki ɗauki wata. Yi awon a kwali sau ɗaya, ki riƙa ɗora shi kina zanawa da alli. Yau yanka kawai. Gobe ƙubaka gaba ɗaya, kina tura ɗaya bayan ɗaya ba tare da kin tsinke zare ba, su fito a jere kamar shanya, daga baya ki rarraba da almakashi. Jibi gefuna. Zare ba ya ɓarna, hannu kuma yana sabawa, ta goma za ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba. (Ta farkon ki bar wa ɗanki, shi ba zai kai ki ƙara ba.)

Yanzu maganar guntaye. Daga tsakiyar azumi shagon kowane tela cike yake da su, wasu ma sharewa suke su ƙona. Ki aika a roƙa miki, amma ƙananan da mai kaya ba zai nema ba. Ragowa babba hakkin wanda ya kawo ɗinki ce, kuma a ƙauye kowa ya san zanen kowa. Ba kya so ranar Idi wata ta hangi atamfarta a hannun 'yar maƙwabta. Idan an kawo, ki ware su: atamfa da atamfa, shadda da shadda. Kada ki haɗa mai kauri da mai santsi a jaka ɗaya, ɗinkin zai tattare.

Sannan ki wanke kafin ki yanka. Auduga tana tsukewa a wankin farko, wani yadin kuma yana zuba. A nan na taɓa shan kunya. Wata shekara na ɗinka wa 'yar yayata jakar ratayawa da wani jan ƙyalle da na ga ya yi kyau, ban jiƙa shi ba saboda sauri. Ta rataya a kan farin hijabinta sabo fil, aka tafi Idi, rana ta buɗe, gumi ya karyo. Da ta dawo, tun daga kafaɗa har ƙugu jan layi ne kamar an zana da zoɓo. Uwarta ba ta ce min komai ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Tun daga ranar, kowane ƙyalle sai na jiƙa gefensa na murza da farin tsumma. In ya bar launi, a wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fita fes, ko a ajiye shi. Ja da baƙi da rinin baba su ne suka fi wannan hali.

Yaran da suka tasa, masu zuwa Islamiyya, jakar littafi ta fi musu. Inci 13 da inci 30, a ninka biyu, hannu kuma ƙyalle mai inci 3 da inci 24 a naɗe shi a bi ta kai. Wannan kam sai da shafi, ko da akoko ne ko tsohon zanen gado mai ƙwari da aka wanke. Inda hannun ya haɗu da jaka ki yi ɗinki mai kusurwa huɗu kamar akwati ki ratsa shi da gicciye, in ba haka ba mako biyu ya yi yawa. Ki sauya allura: lamba 14 ta atamfa ce, idan ninki ya kai huɗu ki sa 16, ki riƙa juya keken da hannu a wurin kaurin. In gafakar Alkur'ani za ki yi, sabon yadi za ki sa, ba wanda aka taɓa ɗaurawa ba.

Uwar mijinki kuwa, kada ki kai mata haɗe-haɗe. Wannan ra'ayina ne, amma na daɗe ina ganin yadda ake kallon abin. Jakar guntaye a hannun yaro ado ce, a hannun suruka sai wata kishiyar sauri ta ce ragowa aka ba Inna. Ki daure ki sayi yadi ɗaya mai kyau, ranar Lahadi a Gujungu, ko ki ba mai shiga Kano saƙon Kantin Kwari, zare da zif kuma a Ƙofar Wambai. Rigar matashi za ki fitar, ki auna matashin da take kwana da shi ki ƙara inci 1 kowane gefe. Abin da ya rage ki yi mata lalita ta ajiyar kuɗi da goro, wadda za ta soke a zane. Ki ninke, ki turara da turaren wuta, ki ɗora a faifai, ki kai da kanki ki durƙusa ki ce, "Inna, ga ɗan abin da na taɓa da hannuna." Ƙannen miji maza, farin hankici na inci 12 da siririyar kalmasa ya wadatar. Hular hannu ki bar ta, aikin makonni ce.

In akwai mai jego a gidan, majanyi ya fi komai, ninki biyu, an bi bakinsa sau biyu. Abin jariri ba a sa masa duwatsu ko maɓalli, komai baki yake kaiwa, kuma ƙananan yara ba a ba su jaka mai dogon zaren da zai shiga wuya.

Batun lokaci, mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Ki yi yanka tun Sha'aban, ki gama ɗinki kafin azumi ya kai 20. Goman ƙarshe ba naki ba ne: ga tahajjud, ga kitso da lalle, ga tuyar cincin, ga ƙishirwa. Ki ɗiga wa keken mansa kafin ki fara, man keke na gaske, ba man gyaɗa ba, wanda yake daskarewa ya kama ƙura. Ki fara bi ta kan tsumma har man ya daina fitowa.

Guntayen da suka rage ki tara su a buhu. Babbar Sallah tana zuwa bayan kamar wata 2 da kwana 10, lokacin suyar nama, kuma kowace mace tana neman abin sauke tukunya. Inci 8 da inci 8, a cusa tsohon tawul ninki biyu a tsakiya, a ratsa shi da ɗinki. Sai dai na auduga zalla ake yi. Ki zare ɗan zare daga ƙyallen ki kusanta shi da ashana: in ya ci ya zama toka mai warin ƙonanniyar takarda, auduga ce. In ya narke ya dunƙule kamar leda, kada ya je kusa da murhu, a hannu zai manne.