Me ya sa amsar ta zama mita 80, ba 40 ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu na sakandare a Jidda. An ba mu aikin gida a fiziks: mota tana gudun kilomita 60 a awa, direba ya taka birki ta tsaya bayan mita 20, to in tana gudun 120 fa? Na rubuta 40, ustaz ya soke da jan biro ya sa 80. Mai koya mini darasi a gida ya ce kar in wahalar da kaina, in haddace amsar kawai tunda tana cikin tarin tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ake kira tajmi'at. Baba da ƙyar yake biyan kuɗin darasin nan, ga Tahsili, jarrabawar neman shiga jami'a, na matsowa, har na fara tunanin ko kaina ne ba ya ja. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, kanka lafiya lau. Ustaz ɗinka ya yi daidai, amsar 80 ce.

Makamashin motsi rabin nauyi ne sau gudu sau gudu, wannan ka sani. Aikin birki shi ne ya cinye wannan makamashin, kuma ƙarfin gugar taya da kwalta kusan ɗaya ne ko motar tana 60 ko tana 120. Ka ninka gudu sau biyu, makamashin ya ninku sau huɗu, don haka tazarar ma sau huɗu. Gwada da lamba: raba 60 da 3.6, ka sami mita 16.7 a sakan. Gudu sau gudu ya ba ka 278. Raba shi da 40, wato tazarar sau biyu, za ka ga motar tana rage gudu da kusan mita 6.9 a sakan cikin kowane sakan. Yanzu 120 ya zama 33.3, sau kansa 1,111, raba da 13.9, wato kusan ninki biyu na 6.9 ɗin nan, ga 80 nan ta fito. Lura kuma nauyin motar bai shigo lissafin ba, ya soke kansa daga ɓangarorin biyu.

Amma wannan 40 ɗin da ka rubuta ita nake so mu daɗe a kanta, domin kullum sai na ci karo da ita, a takardun ɗalibai da kuma bakin manya masu riƙe da sitiyari. Mutum ya saba da lissafin kasuwa: kilo biyu kuɗin kilo ɗaya sau biyu. Sai ya ɗauko shi ya hau titi da shi. Direba yana ganin daga 100 zuwa 140 ɗan ƙari ne kawai, alhali tazarar birkinsa ta kusa ninkuwa, domin 1.4 sau 1.4 ya kai 1.96.

Ɗauki motocin nan biyu na aikin gidanka, ka jera su gefe da gefe, su taka birki a layi ɗaya. Wani yaro ya faɗo titi mita 20 a gabansu. Mai 60 ta tsaya cak a gaban yaron. Mai 120 fa, da wane gudu za ta iso wurin? Yawancin ɗalibaina sukan ce 60. Yi lissafin: cire 278 daga 1,111, saura 833, tushensa mita 28.9 a sakan. Kilomita 104 a awa ke nan. Birkin nan duk da ƙarar tayarsa da hayaƙinsa kilomita 16 kacal ya rage. Ban ma sa lokacin da ido zai gani ƙafa ta tashi daga totur ta kai kan birki ba. In sakan ɗaya ya ɗauka, motar ta riga ta ci mita 33 kafin birki ya kama. Tun 2018 an yarje wa ƙananan motoci gudun 140 a wasu manyan hanyoyin Saudiyya, ciki har da ta Makka zuwa Madina. Da irin wannan birkin, tsayawa daga 140 na buƙatar mita 109, ka ƙara 39 na sakan ɗin farko. Sai ka ga matashi ya manne a bayan wata mota yana haska mata fitila, tsakaninsu bai fi tsawon mota biyu ba. Yana jin tsoron kyamarar Sahir mai kama masu gudun wuce kima saboda tara, ya rage gudu a gabanta, da ya wuce ya sake takawa. Shi ma 40 ya rubuta a zuciyarsa, kuma titi ba ya gyara da jan biro. Rai amana ce, naka da na wanda ke gabanka, kuma Allah zai tambaye mu.

Shi ya sa maganar mai koya maka darasi ta ɓata mini rai. Uba ya tsame daga kuɗin cefane ya biya, a ce wa ɗansa ya haddace 80! Gobe a jarrabawa su canza 60 ta koma 50, haddar ta tashi a banza. Masu tsara tambayoyin zaɓi sun san inda ɗalibi ke zamewa, amsar kuskuren za su ajiye maka cikin zaɓuɓɓukan tana jiranka. Tajmi'at na da amfani in ka rufe amsar ka yi aikin da hannunka. Wanda ke sayar maka da ita a matsayin hanyar tsallake fahimta, kuɗin babanka yake ci. Ka gaya wa Baba gaskiyar abin da ake koya maka, cikin ladabi, ku yanke shawara tare.

A kowace tambaya irin wannan, kafin ka taɓa lamba, zana motar da kibiyar ƙarfin da ke kanta, ka mayar da kilomita a awa zuwa mita a sakan, sannan ka tambayi kanka: gudun nan sau ɗaya ya shigo ƙa'idar ko sau biyu? A Tahsili ba a shiga da kalkuleta, don haka saba da lissafin ninki, ya fi sauri. Daren yau ka gwada da gudun 90. Ninki ɗaya da rabi ne na 60, sau kansa 2.25. In ka sami mita 45, ka kama hanya, sai ka wuce zuwa na gudun 30 ka turo mini amsar.