Anti, ya za mu yi hoton iyali da jaririn da ba ya shiru?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Yarona satinsa biyar yanzu, ranar suna ba mu samu hoton kirki ba saboda cikowar jama'a, ni kuma lokacin ko tsayuwa da ƙyar nake yi. To yanzu maigida yace da na yi arba'in mu tafi situdiyo, mu da yayyensa biyu da Hajiya kakarsu, har ankon shadda an kai ɗinki. Ni tsorona kuka, yaron nan in ya fara sai Allah. Sannan Hajiya tace sai an rangaɗa masa kwalli ranar. Daga wata mai jego a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya mana shi bisa sunna. Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba. Kwana arba'in da sati shida kusan abu ɗaya ne, kwana biyu ne tsakani, kuma a sati shida ake masa allurar rigakafin nan ta cinya wadda ke sa yara da yawa zazzaɓi da rigima na kwana ɗaya ko biyu. In kika sa ranar hoto washegarin allura wallahi kuɗinku kawai za ku kai wa mai hoto. Ki duba katinsa, ko dai ku yi kafin allurar ko ku bar kwana uku zuwa huɗu a bayanta, amma allurar kam kar a ɗaga ta saboda hoto. In son samu ne ma ku jira ya kai wata biyu, tsakanin sati shida da takwas ne yara ke fara murmushin gaske, wanda za ki yi masa wasa ya mayar miki.

Maganar kuka kuma, shi zai zaɓa muku lokaci ba maigida ba. Ki lura da shi kwana uku, ki ga yaushe yake lafawa, yawanci da hantsi ne bayan wanka ya sha nono ya ƙoshi, to wannan lokacin za ki ce wa mai hoto. Kowa ya shirya, ke ma ki gama kwalliyarki ki kafa ɗauri, shi ne na ƙarshe. Kina isa ki nemi kusurwa ki ƙara ba shi nono, ki saɓa shi a kafaɗa sai ya yi gyatsa tukun a sa masa kaya. Ni na taɓa yin gaggawa na tsallake gyatsar nan da ɗiyata ta biyu, ana miƙa ta ga babanta ta sheƙa masa tumbuɗi a kan aikin farar babbar riga, har yau hoton yana nan ya ɗora hannu a ƙirji kamar mai taken ƙasa, ɓoye tabo yake. Ki tafi da ƙaramin tawul, famfas kamar uku da kayan canji, har naki mayafin ki riƙe na biyu.

Shaddar nan kuwa in sabuwa ce da sitacinta tana kartar wuyan jariri, ga zafi, ki sa masa 'yar rigar auduga a ciki kuma a cire da an gama.

Kwalli fa a'a. Na gargajiya da ake niƙawa daga dutse sau da yawa akwai dalma a ciki, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Amma kar ki tsaya musu da surukarki kina jego, ki bar ɗanta ya faɗa mata cikin lalama, daga bakinsa za ta fi ji. Turaren wuta ma a turara kayan a waje, kar a cika ɗakin da hayaƙi.

Wani abu kuma, hotunan nan da ake gani a Instagram jariri ya yi tagumi shi kaɗai, haɗi ne, akwai hannun babba riƙe da kan aka goge a kwamfuta. Yaronki wuyansa bai tsaya ba, sai wajen wata huɗu, duk mai hoton da yace a jingina shi a kujera a saki ki ce masa ba ki yarda ba. A hannun Hajiya zai fi kyau ma, ta zauna a tsakiya ku zagaye ta.

A fara ɗaukar na kowa da kowa, yayyen nan minti goma ya yi yawa za su fara kokawa. In tafiyar za ta yi wa Hajiya nauyi ku kira mai hoton gida, falo kusa da taga ya wadatar. Kuma ki ce ya turo miki su a WhatsApp a matsayin fayil, in ya turo yadda aka saba ƙarfinsu raguwa yake, ranar da za a wanke babba na bango sai ki ga ya yi dishi-dishi.