Tambayoyinku: Ta ina mai son zama injiniyan manhaja zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, burina in zama injiniyan manhaja, amma kowa da shawarar da yake ba ni, a kan yaren rubuta manhaja da zan koya, wani ya ce Python, wani ya ce JavaScript. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Idan gina shafukan intanet kake so, ka kama JavaScript, domin shi ne yaren da Chrome da Firefox suke gudanarwa kai tsaye. Idan kuwa hankalinka ya fi karkata ga sarrafa bayanai da ƙirƙirarriyar basira, Python ya fi dacewa da kai. Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, kuma yana da sauƙin karantawa ga mai koyo. Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa har ya zauna maka, saboda tsalle daga wannan yare zuwa wancan shi ne yake cinye lokacin masu farawa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka gama aiki ɗaya wanda wani mutum zai yi amfani da shi da gaske. Ɗauki littafin bashi na mai shagon unguwarku ka mayar da shi manhaja. Nan da nan za ka ci karo da tambayoyin da babu darasin bidiyon da zai kawo maka su: yaya za a yi idan mutum ya biya rabin kuɗin, ko mutum biyu suna ɗaya suke da shi, ko sabis ya ɗauke ana tsakiyar shigar da lissafi? Warware irin waɗannan shi ne ainihin aikin injiniya. Idan jan rubutu ya bayyana a allo yana nuna kuskure, kada ka yi gaggawar rufe shi, ka karanta shi a tsanake, domin galibi yana faɗa maka layin da matsalar take.

Ka kuma koyi Git da wuri, wato manhajar adana tarihin canje-canjen aiki da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ka riƙa ɗora ayyukanka a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu a ciki. Masu ɗaukar ma'aikata da dama suna duba abin da mutum ya gina, ba takardar shaida kaɗai ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, waya kawai nake da ita. Zan iya farawa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malama. Manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python a wayar Android, darussan freeCodeCamp da kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard kuma kyauta ne. Sai dai waya ta farawa ce kawai, don haka ki fara tara kuɗin kwamfuta ko da ta hannu ce, ki tabbatar batirinta yana riƙe caji kafin ki biya.